Yadda Za Ka Raba Aljihunka da Cacar Ƙwallo Kafin Kuɗin Kaka Ya Shigo

Gasar Firimiya ta Ingila tana buɗewa ne a watan Agusta, ana tsakiyar marka, rumbu ya yi ƙasa, aljihun kowa ba nauyi. A wannan lokacin ɗari biyu-biyu ake bugawa, ɓarnar ba ta cika fitowa fili ba. Inda take cin mutanenmu shi ne daga Oktoba zuwa Janairu: an kai riɗi da gyaɗa kasuwa, zoɓo ya fito, masu shinkafa a Kura da Haɗeja sun yi girbi, dillali ya turo kuɗi ta waya. A daidai wannan tsakanin ne kuma wasanni suke cunkushewa. Asabar da Lahadi Firimiya da Laliga, Talata da Laraba Gasar Zakarun Turai, ƙarshen Disamba kuwa da wuya a kwana biyu ba a taka leda a Ingila ba. Sai saurayi ya wayi gari da gumin wata biyar a cikin waya, manhajar caca kuma tana nan maƙale da manhajar banki, tsakaninsu bai kai faɗin ɗan yatsa ba.

Hukuncin abin ba ɓoyayye ba ne. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera caca da giya wuri ɗaya ta ce a nisance su, aya ta 91 kuma ta faɗi abin da suke haifarwa: gaba da ƙiyayya da shagala daga salla. Kano da Jigawa duk suna bin shari'a tun shekarar 2000. A ƙarshen 2024 Hisba ta rufe shagunan caca a birnin Kano, a Nuwamban shekarar kuma Kotun Ƙoli ta ce dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, kowace jiha ita ke da iko da nata. To amma shago ake garƙama wa kwaɗo, waya kuwa tana aljihu. Wanda ya faɗa ciki ya sha jin huɗuba, ya sha rantsewa ranar Litinin ya karya ranar Asabar. Tsari ne ba shi da shi. Ga tsarin nan, kuma a bi shi yadda aka jero shi.

Mataki na farko: ka fito da lissafin gaskiya

Kusan duk mai buga caca in ka tambaye shi, cewa zai yi shi yana nan ba ci ba asara, ko ma ya ɗan fi ƙarfinsu. Ba da gangan yake shirga ƙarya ba. Ranar da ya ci dubu arba'in ba ta fita daga ransa, har rigar da ya sa ranar yana tunawa. Ɗari biyar-biyar ɗin da suka zurare kuwa ba wanda ya ƙirga.

Ka samu littafin makaranta mai layi da biro, ka zauna inda ba kowa. Ka buɗe manhajar da kake ajiye kuɗi, OPay ce ko PalmPay ko Moniepoint ko ta banki, ka shiga tarihin shige da ficen kuɗi, ka koma baya wata uku cif. Ka ja layi a tsakiyar shafi. Hannun dama ka rubuta duk abin da ka tura wa kamfanin caca tare da kwanan wata, hannun hagu duk abin da ka ciro ya dawo asusunka. Abin da ka ci amma ka bar shi a can ka sake bugawa da shi, kada ka rubuta, domin bai taɓa shiga hannunka ba. Sannan ka ƙara da wanda ba ya fitowa a waya: tsabar da ka miƙa wa mai POS ya saka maka, da ladan da ya cira, da wadda ka ba aboki mai shiga birni ya buga maka, da kuɗin data. In ka sayar da kaza ko kwanon wake don ka buga, shi ma ya shiga.

Ka haɗa kowane ɓangare, ka debe. Mai buga ɗari biyar kullum ya tura naira 182,500 a shekara. Wanda ya ce shi ba ya taɓawa sai manyan ranaku, dubu ɗaya Asabar, dubu ɗaya Lahadi, ɗari biyar-biyar a daren Talata da Laraba, dubu uku ke nan a mako. Daga Agusta zuwa Mayu, mako arba'in, naira 120,000. Adadin da ya fito maka kada ka bar shi a lamba kawai. Ka tambayi kuɗin buhun taki a kasuwarku, ka raba, ka rubuta a ƙasan shafin: buhu kaza. Ka adana littafin, akwai sauran aikinsa a gaba.

Mataki na biyu: ka san yadda kamfani yake cin nasa

Nan ne ya kamata a daɗe, domin muddin kana jin da ka ƙara nazari da ka ci, duk sauran matakan za su rushe.

Ɗauki abin da yiwuwarsa rabi da rabi ce, a ce ko za a ci ƙwallo uku a wasa ko ba za a kai ba. Da adalci za a yi, od ɗin kowane ɓangare 2.00 ne: ka sa dubu ɗaya, ka karɓi dubu biyu. Kamfani ba ya ba da haka. Zai ba da kamar 1.90 nan, 1.90 can. Mutum biyu kowa ya sa dubu ɗaya, ɗaya ya ce za a kai, ɗaya ya ce ba za a kai ba. Kamfani ya karɓi dubu biyu, ya biya wanda ya ci naira 1,900, ya riƙe ɗari. Ko wa ya ci, ɗarin nan tasa ce, biyar cikin ɗari ke nan na duk abin da aka zuba. Shi ba ruwansa da Arsenal ko Barcelona, ba ya goyon bayan kowa, ba ya fargabar bugun fanareti.

Yanzu ka duba dogon tikiti, wato a haɗa wasanni da yawa a tikiti ɗaya, sai duka sun shiga za a ci, wanda shi ne abincin samarinmu, tunda shi ke alkawarin mayar da ɗari biyu ta zama rabin miliyan. Kowane wasa da ka ƙara, ana sake yankar wannan kason. A tikiti mai wasa goma, in ana cire biyar cikin ɗari a kowanne, abin da ke dawowa masu bugawa a dunƙule kusan naira 60 ne a kowace ɗari. A mai wasa ashirin kusan naira 36. Garaɓasar da suke liƙawa a kan dogon tikiti daga cikin wannan ribar ake yanko ta, shi ya sa suke kwaɗaita maka ka ƙara wasa.

Sai maganar da aka fi ji a gidan kallo bayan an tashi, mutum riƙe da waya yana nuna wa na kusa da shi: "Duba ka gani, wallahi wasa ɗaya ne ya yanke min!" A ce ka zaɓi wasa goma, kowanne kana da tabbacin tamanin cikin ɗari, wanda tabbaci ne mai girma ƙwarai a ƙwallo. Yiwuwar duka goman su shiga kusan 11 ce cikin ɗari. Yiwuwar tara su shiga ɗaya tak ya yanke kusan 27 ce cikin ɗari. Ka ga ke nan yankewar wasa ɗaya ta ninka cin tikitin fiye da sau biyu. Ba kusa ka yi da ci ba, abin da lissafi ya tanada ne ya same ka. Amma zuciya ba ta karanta shi haka. Ita gani take saura ƙiris, sai ta tura ka ka sake gobe.

Kuma ƙwallo ba ta da amana. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Ƙatar, Saudiyya ta doke Ajantina da ci biyu da ɗaya, Messi yana fili, daga baya Ajantinar ce ta ɗauki kofin. A 2016 Leicester ta lashe Firimiya alhali a farkon kakar kamfanonin caca a Ingila sun sa mata od na 5,000. Masanan da ake biya albashi don wannan aikin ma ba su hango ba.

Za ka ji masu ba da shawara suna cewa ai sirrin shi ne tarbiyyar kuɗi: ka ware jari, kada ka sa fiye da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari a wasa ɗaya, ka guji dogon tikiti. Akwai gaskiya a ciki ta fuska ɗaya, mai yin haka ba ya tsiyacewa a dare ɗaya. Amma tulun da ya tsage, ko tsagar ƙarama ce, ruwan ƙarewa zai yi. Tsarin yana jinkirta asarar ne, bai juya lissafin ya koma wajenka ba.

Masu sayar da "tabbataccen wasa" a Telegram da WhatsApp kuwa, ga dabararsu. Su tara mutum ɗari, su ce wa hamsin masu gida za su ci, su ce wa hamsin baƙi za su ci ko a yi canjaras. Dole rabi su ga gaskiyarsu. Su sake raba rabin gida biyu a wasa na gaba, su sake. Bayan zagaye uku akwai mutum goma sha biyu da suka ga an faɗa musu daidai sau uku a jere, su ne za a ce wa su turo dubu goma a ba su babban wasa. Hoton tikitin da suke nunawa kuwa yaro mai waya zai haɗa shi cikin minti biyar. Wanda ya san sakamakon gobe, me zai yi da dubu gomarka?

Mataki na uku: ka sa rana, amma ƙofa uku yau za a rufe su

Wanda zai iya yankewa yau, ya yanke yau, shi ne daidai kuma shi ya fi sauƙi a ƙarshe. Ragewa ba ta mayar da haram halal. Amma na san akwai wanda in aka ce masa yau, zai ce to, gobe ya ɓuya ya buga. Irin wannan ya sa rana a cikin mako biyu, ya rubuta ta a littafin, kuma ranar ta zo kafin ya sayar da amfanin gona. Kafin ranar, ƙofa uku ba sa jira.

Ta farko bashi. Ko sisi kada ka ranta don ka buga, daga mutum ko daga manhaja, kuma kuɗin aike da kuɗin cinikin ubangida da kuɗin adashin da aka ba ka ka kai duk bashi ne, ko ba ka kira su haka ba.

Ta biyu ramuwa. Asarar yau ta tafi. Mutum ya rasa dubu biyu da la'asar, ya sa biyar da magariba don ya dawo da su, ya sa goma a wasan dare na wata ƙasa da bai san sunan ɗan wasa ko ɗaya a cikinta ba. Garin neman gira a rasa ido. In ka koma littafinka za ka ga manyan asarorinka kusan duka a rana ɗaya suka jeru, ɗaya bayan ɗaya, tsakaninsu mintuna.

Ta uku wasannin kwamfuta: ƙwallon bogi da ake gamawa cikin 'yan mintuna, da jirgin nan da ke tashi ana jira a cire kuɗi kafin ya ɓace. Waɗannan ba su da ranar hutu, ba su da ƙarshen kaka, ba wani sanin ƙwallo da ke aiki a cikinsu, na'ura ce aka saita da ribar kamfani a ciki. Abin da wasan gaske zai ci maka a mako, su a zama ɗaya za su cinye.

Mataki na huɗu: waya

Ranar da ka sa ta zo. Ka ciro duk abin da ya rage a asusun cacar, ko naira ɗari uku ce. Barin ta a can igiya ce da za ta jawo ka. Kafin ka goge manhajar, ka shiga saitinta ka nemi wurin rufe asusu ko hana kai shiga. Manyan kamfanonin galibi suna da shi, in ba ka gani ba ka rubuta wa masu kula da abokan hulɗarsu cewa a rufe. Ka zaɓi wa'adi mafi tsawo. In kana da asusu a kamfani uku, ukun duka. Sannan ka goge manhajojin, ka fita daga duk zaurukan hasashen wasa, ka toshe lambobin da ke turo saƙon garaɓasa, ka daina bin shafukan da ke tallar su a Facebook da TikTok.

Goge manhaja kaɗai ba ya wadatarwa, minti biyu ne a sake sauke ta. In ka san kanka, ka ba wani babbar wayar ya riƙe maka wata ɗaya, ka koma 'yar rakani-kashi mai tocila. Za a yi maka dariya a majalisa kwana biyu, a manta.

Mataki na biyar: kuɗi ya bar waya

Wannan shi ne ƙashin bayan abin. Ƙarfin zuciya yana aiki da safe. Da ƙarfe takwas ko tara na daren Talata, ana gab da take wasan Zakarun Turai, janareta na ruri a bayan rumfa, kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa, na gefenka yana cewa yau kam Madrid ba makawa, a nan ba ƙarfin zuciya ke cetonka ba. Abin da ke cetonka shi ne ka duba asusunka ka tarar ba komai.

Don haka ka nemi mai riƙo. Mutum ɗaya, wanda kake jin nauyinsa, wanda ba ya caca, wanda kuma ba zai kai zancenka majalisa ba: mahaifi, yaya, kawu, liman, ko matarka. Da yawa suna ƙyamar a ce mace ta riƙe musu kuɗi, alhali a gidajenmu ba wanda ya kai mata iya ɓoye kuɗi da juya shi. Ka kai masa littafin, ka buɗe shafin nan. Ba sai ka yi dogon bayani ba: "Yaya, ga abin da na tsinci kaina a ciki, ga abin da ya ci min. Na daina. Ina so ka riƙe min kuɗina, kada ka ba ni sai na faɗa maka abin da zan yi da shi, kuma ko na zo da daddare ina rantsuwa kada ka ba ni sai gari ya waye." Wannan zaman shi ya fi komai nauyi, kuma waɗanda suka tsallake shi su suka fi komawa.

In manomi ne kai, ranar sayar da amfani ita ce ranar haɗari. Kada ka je kasuwa kai kaɗai. In dillali zai tura kuɗi ta waya, ka ba shi lambar asusun mai riƙonka. Kafin ka tafi ka riga ka raba kuɗin a takarda: na bashi, na taki da iri da maganin feshi na baɗi, na ƙwadago, na hidimar gida, na asibiti. Kuma abin da za a iya mayarwa kaya, a mayar da shi kaya a makon. Ka sayi takin tun yanzu ka jingine a ɗaki, tunda ko ba caca, in damina ta kawo kai kowa nemansa yake. Ka ajiye gero da dawa na ci har wata kakar. In da saura, ka shiga Maigatari ranar Alhamis, ko Wudil ranar Juma'a, ko Dambatta ranar Lahadi, ko kasuwar da ta fi kusa da ku, ka kamo ɗan rago ko akuya ka turke. Amfanin dabba a nan ya wuce ribar da za ta kawo da salla. Ba a tura rago ta waya da ƙarfe tara na dare. Kafin ka kwance shi, ka jira ranar kasuwa, ka ja shi a gaban mutanen gida ana tambayarka ina za ka da shi, zafin ya huce.

In kuwa kullum kake samu, ɗan acaɓa ne kai, ko mai faci, ko mai cajin waya, ko ƙwadago kake a gonakin rani, tsarinka na yamma ne. Ka tashi aiki, ka cire balas ɗin mai babur in na wani ne, ka cire kuɗin man gobe, ka cire cefane, ka miƙa sauran kafin magariba. Ranar Asabar kafin la'asar, domin galibin wasannin Ingila na rana da ƙarfe uku ko huɗu suke farawa a agogonmu. Fasinja ya ce zai tura maka, ka ba shi lambar mai riƙo ko ka ce tsaba. A aljihunka kada ya wuce kuɗin shayi da burodi.

Ka shiga adashi, amma da dabara: ka roƙi uwar adashi ta sa ka a ƙarshen layi, kuma ranar kwasa mai riƙonka ne zai karɓa. Zubin yana kama kuɗin da a da caca ke kamawa. Asusun katako ko na gwangwani shi ma yana aiki, in dai a ɗakin Inna yake ba a naka ba.

Masu tafiya ci-rani Legas ko Abuja ko Fatakwal, ku naku ya fi wuya, don can shagunan a buɗe suke, kuma ba idon gida. Ku riƙa turowa gida duk kwana biyu ko uku, kada ku tara sai ranar dawowa.

Mataki na shida: bashin da ya riga ya hau

Ka buɗe sabon shafi, ka jera kowa da abin da yake binka. Ka fara da na amana, wato kuɗin da ba a san ka taɓa ba, domin shi ke kai mutum gaban mai gari ko ofishin 'yan sanda. Ka je da ƙafarka kafin a neme ka, in da hali tare da mai riƙonka: "Alhaji, kuɗinka yana wuyana, ban manta ba. Ba zan iya biya gaba ɗaya ba, amma duk ranar kasuwa zan kawo dubu biyu har ya ƙare." Ka faɗi abin da za ka iya, ba abin da zai faranta masa rai a lokacin ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mutanenmu suna haƙuri da wanda ya zo da kansa fiye da mai sauya hanya.

Manhajojin ba da rance su ne mafi sharri a nan. Ruwansu yana da yawa, wa'adinsu gajere, wasu kuma in ka makara sai su bi lambobin da ke wayarka suna tura saƙon tozarci. Ka biya su ka rabu da su, kuma kada ka ci na wannan don ka biya wancan. Gona kuwa, ko jinginar da ita, kada a yi maganarta sai an zauna da manyan gida.

In akwai wani abu a hannunka da ka san da kuɗin caca ka same shi, ka tambayi malamin garinku. Abin da malamai da yawa suke cewa shi ne a fitar da shi a sa a amfanin jama'a ko a ba mabuƙata, ba da niyyar neman ladan sadaka ba.

Mataki na bakwai: ƙwallon kanta, da abokai

Ba dole ne ka bar son ƙwallo ba. Amma makonni huɗu zuwa shida na farko ka ƙaurace wa gidan kallo, ka ji sakamako a rediyo da safe. Za ka lura da wani abu in ka koma: wasa zai yi maka salam, ba armashi, domin ka daɗe kana kallon tikiti ne ba ƙwallo ba. Wannan yana wucewa. Ka zauna a gaba kusa da dattawan 'yan kallo, ka bar wayar a gida, ka riƙe kuɗin shiga kaɗai.

Lokacin da caca ta bari fanko dole a cike shi, in ba haka ba ita za ta dawo ta cike. Filin makarantar firamare da yamma, makarantar dare, koyon gyaran waya ko famfon sola, yankan ciyawar ragon nan da ka turke, duk wanda ya samu.

Abokai kashi biyu ne. Akwai wanda in ka ce ka daina zai ce Allah ya sa mu ma mu bi sahu. Akwai wanda zai ce kawo ɗari biyu mu haɗa, ni zan buga a wayata. Na biyun ku gaisa a hanya ya isa. Kai ma ka kama bakinka daga ba da hasashe, ko da wasa. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, to sai ya ba da sadaka. Furucin kaɗai ke nan, ba a kai ga bugawa ba.

In ka zame

Yana faruwa, kuma ba ya nufin aikin ya rushe. Haɗarin yana cikin tunanin da ke biyo baya, na cewa tunda na ɓata bari in ƙarasa. A ranar ka faɗa wa mai riƙonka, ka rubuta adadin a littafin, sannan ku duba ta ina kuɗin ya shigo hannunka: wani ya biya ka bashi ta waya? An aike ka? Wannan ramin za a toshe.

Kai kuma mai riƙo, kada ka biya masa bashin cacar a ɓoye don rufin asiri. Sau da yawa hakan share masa fili ne ya sake. Ka taimaka da abinci da magani kai tsaye, ka raka shi wajen masu bashi, amma tsaba a hannu a'a. Gori da tonon silili a gaban ƙannensa kuma ɓuya kawai suke koya masa.

Akwai matakin da ya wuce na gida. In mutum ba ya barci, yana ɗaukar kayan gida yana sayarwa, yana ƙarya a kan kowace naira, ya yi yunƙurin dainawa ya kasa har ya fara haɗawa da ƙwaya, wannan ciwo ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca a jerin cututtukan da ake dubawa a asibiti. A Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, a Jigawa akwai na Kazaure. In tafiyar ta yi nisa, a fara da babban asibitin ƙaramar hukuma a nemi takardar turawa. In kuwa ya fara furta cewa gara ya mutu ya huta da bashin, kada a ɗauke shi a wasa kuma kada a bar shi shi kaɗai: a kawar da maganin feshi da maganin ɓera daga inda hannunsa zai kai, a nemi mota a kai shi a ranar.